Man zurma: giram nawa ne a lita, kuma kilo 25 kwalba nawa zai cika?

Maman Khairat: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga masu sabulu da masu haɗa man gashi ce. Takardar haɗi ta ce a zuba man zurma giram 250, abin awon da ke hannu kuma kofi ne mai layukan ml. Shin 250 ɗin za a cika a kofin, ko akwai lissafin da ake yi? Ta biyu: dila a kilo yake sayarwa, mu kuma a 'yan kwalabe masu 100 ml muke ɗurawa. Kilo 25 kwalba nawa ya kamata ya bayar?

Injiniya Lawal: Wa alaikumus salam Maman Khairat. Lamba ɗaya za ki riƙe: 0.96. Kowane ml ɗaya na man zurma nauyinsa giram 0.96 ne a yanayi mai ɗan sanyi, wajen digiri 20. In giram aka ba ki kina neman ml, sai ki raba da 0.96. In ml aka ba ki kina neman giram, sai ki ninka da 0.96. Giram 250 ɗinki, in an raba, ya zama ml 260. In kika tsaya a layin 250 na kofin, giram 240 kika zuba, saura goma. Kilo ɗaya ya ɗan haura ml 1,040, lita ɗaya kuma giram 960 ce. Kilo 25 kenan lita 26 da ɗan ɗigo, wato kwalba 260 a takarda. Na ce a takarda ne domin a hannu ba za ki samu 260 cif ba.

Baban Sadiq: Injiniya anya ba a juya lissafin ba? Man da ya fi kowane mai kauri, har da ƙyar yake fita daga kwalba, ya za a yi litarsa ta gaza kilo? Ni a ganina lita ɗaya ma ta haura kilo ɗaya.

Injiniya Lawal: Ba a juya ba Baban Sadiq. Kauri daban, nauyi daban. Kauri shi ne yadda abu yake jan jiki wajen kwarara, kuma nan man zurma ya yi zarra: a digiri 20 ya ninka ruwa kauri kusan sau dubu, ya ninka man gyaɗa fiye da sau goma. Amma ka ɗiga shi a kofin ruwa ka gani, sama zai taso ya zauna. Abin da ya taso kan ruwa kuwa bai kai ruwa nauyi ba. Inda kake da gaskiya shi ne, a cikin mayukan da muke aiki da su shi ne ya fi nauyi. Man gyaɗa da man zaitun suna wajen 0.91 zuwa 0.92, man kwakwa da man alayyadi in sun narke suna wajen nan, manja mai ɗumi ya kan sauka 0.90. Man zurma ne kaɗai ya matso kusa da ruwa haka. Dalili shi ne kusan kashi 90 cikin ɗari na jikinsa wani sinadari ne guda, risinolik asid, wanda ƙwayoyinsa ke riƙe juna da ƙarfi. Shi ya kawo kaurin, shi ya kawo ƙarin nauyin.

Ummi: Wata ta ce mini a ninka da 1.04. Wanne ne daidai, nata ko na Injiniya?

Malam Sabi'u: Duk ɗaya ne Ummi. Raba da 0.96 da ninkawa da 1.04 wuri guda suke kai mutum. Abin lura kawai kada ki haɗa su ki juya. In kin gama lissafi, duba: adadin ml dole ya fi adadin giram yawa. In kika ga giram ya fi, kin yi baya-baya.

Anti Rakiya: Ga na ƙananan awo, don masu haɗa na gashi a gida. Ƙaramin cokalin awo ml 5 ne, giram 4.8. Babban cokalin awo ml 15, giram 14.4. Kofin ml 250 giram 240. Kwalba mai ml 30 giram 29, mai 60 giram 58 ba kaɗan, mai 100 giram 96, mai 500 giram 480. Amma cokalin awo nake nufi, irin wanda aka buga wa lamba a mariƙi. Cokalin shayi da na cin abinci da ke kicin ba su da tsayayyen girma, wani ya kusa ninka wani. Kuma man zurma yana tudu a kan cokali kafin ya zube, don haka mai gaggawa kullum sai ta ɗiba fiye da layi, sannan rabin abin da ta ƙara ya maƙale a cokalin.

Malam Sabi'u: Wannan maƙalewar ita nake so mu tsaya a kai, domin ta fi kashi huɗun da ake ta lissafi ɓarna. Bambancin giram da ml kashi 4 ne cikin ɗari, kuma sananne ne, ana gyara shi da kalkuleta. Wanda ya lafe a bangon kofi kuwa ba a san adadinsa ba, yana canzawa da faɗin kofin, da sanyin gari, da haƙurin mai zubawa. Kowa ya gwada da kansa: a ɗora busasshen kofi a sikeli a rubuta nauyinsa, a zuba mai a juye kamar yadda aka saba, a sake ɗora kofin. Abin da ya ƙaru shi ne man da bai shiga haɗinki ba. A ƙaramin awo abin ya fi muni. In giram 80 ake buƙata, giram 6 ya zauna a kofi, an rasa fiye da kashi 7, kusan ninki biyu na kuskuren da ake gudu tun farko.

Maganinsa kada man ya bi ta kofi sam. A ɗora robar haɗin kanta a sikeli, a danna maɓallin da ke mayar da shi sifili, a zuba man kai tsaye daga jarka ko kwalba har lambar ta cika. In sikelin ba zai ɗauki robar ba, a yi awon ragi: a auna kwalbar man da ke cike, a zuba, a sake aunawa, abin da ya ragu shi ne ya shiga.

Hajiya Binta: Malam Sabi'u ina jin ka, amma ku riƙa tuna su waye ke wannan sana'ar. Mata da yawa a unguwanni da ƙauyuka ba su da sikeli mai batir. Da kofi da bokiti da haidiromita, abin da ake tsomawa a ruwan soda don auna ƙarfinsa, aka koya musu: a jiƙa soda ta kwana, a daidaita ruwanta ya hau 1275, a zuba awo biyu na mai, awo ɗaya na ruwan soda. Sabulun yana fita, yana kumfa, ana saye. Kullum aka zo nan sai a ce sikeli, sikeli, kamar wanda ba shi da shi ba ya sabulu.

Injiniya Lawal: Ranki ya daɗe Hajiya, tsarin biyu-da-ɗaya ba shirme ba ne, kuma zan nuna dalilin da ya sa yake aiki, domin a nan ne kuma ake ganin inda yake karyewa. Ruwan soda da ya hau 1275 kusan rubu'insa soda ce. Lita ɗaya nauyinta giram 1,275, rubu'inta wajen giram 319 na soda. Man alayyadi lita biyu wajen giram 1,830 ne, kowane giram ɗinsa yana cin soda kusan giram 0.176, jimla wajen 322. Kin gani, 319 da 322, sun yi kusan daidai. Wato an yanka tsarin ne a kan man alayyadi.

To man zurma giram 0.128 kawai yake ci. Lita ɗayarsa giram 960 ce, sodarta wajen giram 123. Lita ɗayar man alayyadi kuma tana cin wajen 161. Bambanci giram 38 a kowace lita. Duk da man zurma ya fi nauyi a lita, sodar da yake buƙata ta fi ƙanƙanta nesa. Saboda haka in mace ta cire ml 200 daga lita biyun nan ta maye da man zurma don ƙarin kumfa, ta bar ruwan soda yadda yake, buƙatar ta sauka zuwa wajen giram 315, ita kuma ta zuba 319. Da can ɗan rarar mai ne a sabulun, yanzu rarar soda ce. Gyaran shi ne ta rage ruwan sodar da kamar ml 24 a wannan haɗin. Wadda kuma ta yi gangancin yin biyu-da-ɗaya da zallar man zurma, giram 246 ake buƙata ta zuba 319, rarar soda kusan kashi 30. Wannan sabulun zai ci hannu.

Hajiya Binta: To wannan bayani ne mai amfani, kuma ba ka ce a jefar da kofi ba. Ml 12 na ruwan soda kenan ake ragewa a duk ml 100 da aka musanya?

Injiniya Lawal: Haka ne Hajiya, muddin ruwan sodar yana kan 1275 kuma man alayyadi ake musanyawa. In manja ko man gyaɗa ake cirewa, lissafin ya sake, domin su buƙatarsu a lita ta yi kusa da ta man zurma. Manja lita ɗaya giram 900 sau 0.142, wajen 128. Kusan babu abin ragewa. Sai dai wanda ke da manja da yawa a haɗinsa tun asali ba biyu-da-ɗaya ya kamace shi ba.

Malam Sabi'u: Ni dai ina nan kan sikeli, kuma ga hujjata da lamba. A ɗauki haɗin kilo ɗaya: manja da aka wanke launinsa giram 500, man alayyadi 300, man kaɗe 120, man zurma 80. Sodar kowanne: 71, da 52.8, da 15.4, da 10.2. Jimla 149.4. A rage kashi 5 don a bar ɗan mai ya tausasa fata, ya zama giram 142. Ruwa ninki biyu na sodar, giram 284.

Yanzu a ce wani ya karanta giram ya auna ml. A man zurma kaɗai in ya yi haka, giram 3 ya rasa, sodar da ta yi rara ba ta kai rabin giram ba, ba wanda zai ji a jikinsa. Amma mai auna ɗaya da kofi duka zai auna da kofi. Manja ml 500 giram 450 ne. Alayyadi ml 300 wajen 273. Kaɗe narkakke ml 120 wajen 108. Buƙatar soda ta faɗo zuwa wajen 136, shi kuma 142 ya jiƙa. Rarar man da aka tanada ta tafi gaba ɗaya, sannan ga soda giram 6 ba ta da man da za ta ci. Shi ne sabulun da ke fitowa da farin gari a sama, yana tsagewa wajen yanka, yana sa fata kaikayi. Mai shi kuma ya ɗora laifin a kan soda ko a kan man zurma.

Sannan man kaɗe da alayyadi da kwakwa suna barci da hunturu. Daskararren mai a kofi akwai ramukan iska a ciki, ba ya aunuwa da layi. Man zurma ba ya barci ko a tsakiyar sanyin Disamba, kaurinsa ne dai ke ƙaruwa.

Ummi: Malam me ya sa 80 kawai cikin dubu? Ba a ce shi ke kawo kumfa ba?

Malam Sabi'u: Yana riƙe kumfa ne ta daɗe ta yi laushi, amma mai tayar da ita alayyadi ne da kwakwa. A sabulun sanda kashi 5 zuwa 10 ake sawa. In ya wuce haka sabulun ya kan yi taushi da danƙo, ya daɗe bai bushe ba, ya narke da wuri a banɗaki. Yana kuma sa haɗin ya kama da sauri, don haka a shirya mazubi kafin a fara juyawa. Kuma tunda sababbi na karantawa: soda ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa a kan soda ba, da safar hannu da tabarau, a wuri mai iska.

Maman Khairat: Allah Ya saka. Takardar da dila ya turo ta rubuta 0.945 zuwa 0.965, wata kuma na ga 0.961. Wanne zan bi?

Injiniya Lawal: Duba ko an rubuta zafin da aka auna a kai, yawanci yana gefen lambar. Mai yana buɗewa in ya ji zafi: nauyinsa na nan, wurin da yake ci ne ke ƙaruwa. A man zurma kowane digiri ɗaya yana rage wajen 0.0007. A digiri 20 yana 0.961, a 30 wajen 0.954, a 40 wajen 0.947. A Kano ko Sakkwato cikin Afrilu, shagon da ke da rufin kwano ya kan kai 40 da rana, don haka a lokacin kilo ɗaya wajen ml 1,056 ne, ba 1,040 ba. Ga aikin gida 0.96 ta wadatar duk shekara. In zafi ya tsananta kuma awon babba ne, yi amfani da 0.95.

Inda abin ke da tasiri wuri biyu ne. Wadda ta ɗura kwalba zuwa layin 100 da man da ya sha rana, in ya huce zai sauka zuwa wajen 98 da rabi, mai saye ya ga kamar an tauye masa. Sai kuma jarka: lita 25 da aka cika da sanyin asuba, in ta yi tafiya a bayan mota cikin rana ta tashi daga digiri 20 zuwa 40, man zai ƙaru da fiye da sulusin lita. In an cika ta har baki ba wurin da zai je sai murfi. A bar sarari kamar yatsu uku a sama.

Alhaji Mamman, Maraɗi: Mu a nan kwalabe da yawa cl ake rubuta musu. A sani cl ɗaya ml goma ne, don haka 25 cl giram 240, 75 cl giram 720. Abin da nake so in ƙara na ciniki ne. Dila biyu, ɗaya na sayarwa a kilo ɗaya a lita, ba a kwatanta kuɗinsu kai tsaye. A misali, wannan ya ce lita 10,000, wancan ya ce kilo 10,200. Ido zai ce na farko ya fi sauƙi. Amma ninka 10,200 da 0.96, litar na biyu ta kama 9,792. Shi ne mai arha. Kullum a mayar da su awo guda kafin a yi magana.

Sannan "jarka" da "galan" ba awo ba ne, sunan mazubi ne. Jarkar da ake kira mai 25 ta kan ɗauki fiye da haka in an cika ta har wuya, wani kuma ya tsaya ƙasa da layi. Galan a kasuwa wani lita 4 ne wani 5. A ɗora a sikeli. Lita 25 ta gaskiya kilo 24 ce ta mai zalla, lita 20 kilo 19.2. A cire nauyin jarkar kanta, wadda ta kan kai kilo ɗaya ko fiye. In dila ya ce kilo 25 har da jarka, man da ke ciki bai wuce 24 ba, kwalba goma ko fiye sun tafi tun kafin a buɗe murfi. A tambaya tun farko: da mazubi ne ko ban da mazubi? Yawancin man da ke yawo a kasuwannin duniya daga Indiya yake fitowa, musamman jihar Gujarat, kuma a nauyi ake cinikinsa. Duro mai kilo 200 wajen lita 208 ne, tan ɗaya wajen lita 1,040.

Anti Rakiya: Masu ɗauko haɗi daga bidiyon Amurka ku ma ga naku. Suna da oz iri biyu. Na nauyi giram 28.35 ne. Na ruwa, wanda ake rubuta fl oz, ml 29.57 ne. A man zurma an yi sa'a: 29.57 sau 0.96 ya ba da giram 28.4, kusan daidai da na nauyin. Kwalba mai 16 fl oz ml 473 ce, giram 454. Don haka a wannan man kaɗai ko wanne suke nufi ba ki yi asara ba. Kada ki ɗauki wannan sa'ar ki kai ta kan man kwakwa: 8 fl oz nasa wajen giram 218 ne, 8 oz na nauyi kuma 227. Na Ingila kuma fl oz ɗinsu ml 28.4 ne, ya fi ƙanƙanta.

Baban Sadiq: To sikelina yana da wurin ml. In na danna shi ba shi kenan ba?

Injiniya Lawal: A'a. Sikeli nauyi kawai yake ji. Wurin ml ɗin nan ɗauka yake ruwa ka ɗora, giram ɗaya ml ɗaya. In ka zuba man zurma har ya nuna 100 ml, giram 100 ka zuba, wato ml 104. Bar shi a giram ka yi lissafinka. Wata matsalar kuma ta ƙananan sikelin kicin: da yawansu in nauyi yana ƙaruwa a hankali ƙwarai daga sifili, sai su ɗauka kuskure ne su riƙa mayar da kansu sifili. Man zurma kuma siririn zare yake yi in ana zuba shi a tsorace. Fara da zubi mai ɗan ƙarfi, ka sassauta in ka kusa lambar, ka ɗaga kwalbar saura giram biyu ko uku domin zaren da ke iska zai sauka. A kashe fanka, a ɗora shi a daɓe mai lebur, a canza batir in lamba na rawa. Gwajin sikeli kuma mai sauƙi ne: sirinji mai ml 20, ruwa sau biyar, ya nuna 100 ko 99.

Hajiya Binta: Ga wadda ba ta da sikeli kwata-kwata, ta je shagon da ke da shi sau ɗaya. Ta ɗauki roba mai tsawo marar faɗi, a auna mata man zurma giram ɗin da haɗinta ke ci a ciki, ta bari ya kwanta, ta ja layi da abin da ba ya gogewa. Wannan robar ta man zurma ce kaɗai, kowane mai da tasa. Kuma ta riƙa katse ta da cokalin roba har ta fita tas. Siririya ta fi, domin a faffaɗan kofi kaurin layin kansa ya isa ya ci giram biyar.

Maman Khairat: Ana iya gane na jabu ta wannan lissafin?

Malam Sabi'u: Ana iyawa in algus ɗin ya yi yawa. Samu kwalba mai siririn wuya, ta rabin lita, ki ja layi a wuyan. Auna ta busasshiya ki mayar sifili. Cika ruwa zuwa layin ki rubuta. Zubar, ki bari ta bushe sarai, ki cika man zuwa layin nan dai. Jira kumfar iska ta gama tasowa, a wannan man tana ɗaukar lokaci, in kin yi gaggawa nauyin zai ragu. Raba nauyin man da na ruwan. A ce ruwa 498, mai 478, ya ba da 0.96. In kika ga 0.93 ko ƙasa, an sirka. Kada ki yi da ml 100 a sikelin da ke tsallen giram ɗaya-ɗaya, kuskurensa kaɗai kashi ɗaya ne.

Iyakar gwajin kuma ita ce: in kashi 10 na man gyaɗa aka zuba, lambar 0.955 za ta nuna, wadda ba ta fita daga ta mai kyau ba. Sai ya kai kashi 30 take sauka wajen 0.946. Don haka a haɗa da gwajin itanol, irin mai ƙarfi na masu turare, kashi 95 ko 96. Man zurma na narkewa a cikinsa, man gyaɗa da farafin ba sa yi. Ml 5 na mai, ml 25 na itanol, a girgiza a kwalba mai haske. Na gaskiya zai zama garau. In ya yi hazo ko wani abu ya ware ya kwanta, akwai baƙo a ciki. Itanol mai kashi 70 na goge hannu ba ya wannan aikin. Haidiromitar soda ma ba ta yi, domin daga 1000 take farawa zuwa sama, a cikin mai nutsewa za ta yi.

Anti Rakiya: Na gida da ake soya 'ya'yan cika-gida, wato zurma, a daka a tafasa a kwashe man, shi matsalarsa ruwa ce. In bai gama ƙonewa ba man zai yi hazo, daga baya ruwan ya kwanta a ƙasa tunda ya fi nauyi. A bari ya kwana biyu, a tsiyaye na sama, a tace, sannan a auna. In ba haka ba ana biyan kuɗin ruwa, kuma man zai yi saurin wari. Tunkuzar da ta rage kuma guba ce, a nan gubar da ake kira risin take zama, kada a ba dabba, kada a bar ta inda yara ke wasa.

Dakta Hauwa: Tunda wasu na sha don wankin ciki: na sha a ml ake rubuta shi, kuma da sirinji ko kofin magani ake aunawa, ba a mayar da shi giram ba a ɗiba da cokalin gida. Na kemis wanda aka tanada don sha kaɗai, ba na jarkar masu sabulu ba. Mai ciki kada ta sha, yana iya tayar da naƙuda. Jarirai ba a ba su. Mai ciwon cikin da ba a san dalilinsa ba ya je asibiti tukuna.

Ummi: Tawa ta ƙarshe. Man gashi nake so, kashi 20 man zurma, kashi 80 man kwakwa, ya cika kwalbar 500 ml. Giram 100 da 400 kenan?

Injiniya Lawal: Zai yi ambaliya. Giram 100 na zurma ml 104 ne, giram 400 na kwakwa wajen ml 435, jimla 539. Haɗin nauyinsa wajen 0.93 ne a kowane ml, don haka kwalbar 500 giram 464 take ɗauka: zurma 93, kwakwa 371. Ki kuma tabbatar kason da aka ba ki na nauyi ne ko na ml. In na ml ne, 100 da 400 ɗin daidai ne a kofi, a sikeli kuma giram 96 da 368. A man gashi bambancin ba ya cutarwa, amma ki zaɓi ɗaya ki rubuta a littafinki don haɗin bana ya yi daidai da na baɗi. Lambar 0.96 ɗin nan kuma ta man zurma zalla ce. Wanda aka sarrafa ya zama ɓarɓashi fari mai kama da kakin zuma, da wanda aka sarrafa don ya narke a ruwa, kowanne da nasa nauyin, a nauyi kawai ake auna su.

Alhaji Mamman, Maraɗi: Maman Khairat, kan kwalabenki. Ɗura a sikeli, kowace kwalba a mayar sifili a zuba giram 96, ko 97 don a fita haƙƙin mai saye. Da haka zafi ko sanyi ba ruwanki. A 97, kilo 25 kwalba 257 ne kafin a cire na bangon jarka da na mazurari, don haka ki yi lissafin ribarki a kan 250 zuwa 255. Kafin ɗuri ki tsoma jarkar a ruwan ɗumi ko ki ajiye ta a rana, a digiri 40 kaurin ya kan sauka zuwa kamar rubu'i, zubin ya yi sauri kumfar iska ta fita. Kada a ɗora kan wuta. Siririn mazurari yana toshewa da iskar da ke neman fita, gorar roba mai tsinin baki da ake matsawa ta fi shi. In jarkar ta ƙare, a kife ta a kan roba mai tsabta a wuri mai ɗumi ta kwana, a rufe da ƙyalle saboda ƙura.

Maman Khairat: Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara ilimi. Kwalaben da aka kawo ba su da layi, kuma wasu sun fi wasu faɗin ciki. In na bi giram 97, tsayin man zai bambanta a ido.

Malam Sabi'u: Ɗauki goma daga cikin buhun, ki cika kowace da ruwa har baki a sikeli. Wadda aka yi don 100 ya kamata ta ɗauki fiye da 100, don a samu sararin murfi. In wasu sun tsaya a 100 cif ko ƙasa, giram 97 ba zai shiga ba, ki ware su ki mayar wa mai su. Sauran ki jera masu kama da juna a katan guda, kuma ki busar da su sosai kafin man ya shiga.